Rabin Kati

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Yau ba a yi tsayuwar safe ba. Shekarata uku a ofishin nan ban taɓa ganin an fasa ta ba. Ko ranar da rufi ya yi yoyo a tsaye muka yi ta, kowa da bokiti a gabansa. Minti goma sha biyar ce kullum a gaban babban allon kwamfuta na bango, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Mai Agogo, wadda ke tafiyar da tsarin aikinmu, ba ta yarda a ƙara ko minti ɗaya, shi ya sa sunan ya bi ta. Yau ta shigo da waya a kunne, ta ɗaga mana hannu, ta haye sama. Har yanzu ba ta sauko ba.

Mai Kaya ma yana can. Shi ke yanke abin da za a fara ginawa da abin da zai jira. Saƙo ya aiko mana, layi ɗaya tak: kada kowa ya taɓa komai a manhajar cibiyar wankin ƙoda, ko da waƙafi ne.

Tantama, mai gwada mana aiki kafin a sake shi, ya karanta ya juyo da kujerarsa.

"Yaya, ruwa fa ba ya tsami banza."

Na ce masa shi dai ko "ina kwana" aka ce masa sai ya nemi hujja. Muka yi dariya, amma tawa iyakarta leɓe.

Ni na rubuta buƙatun manhajar nan, wata bakwai da suka wuce. Aikina ke nan: in je wurin masu aikin, in zauna in yi ta tambaya har su gaji da ni, in dawo in mayar da maganarsu kati-kati a allo, masu gini su gina, Tantama ya gwada. Ranar da muka miƙa wannan har tafi aka yi mana.

Litinin, 5:40 na yamma

An tashi ba wanda ya faɗa mana abin da ya faru.

Talata, 4 ga wata, 1:15 na rana

Na ritsa Mai Agogo a kicin ɗin ofis, ta faɗa mini da ƙaramar murya.

Ranar Alhamis da ta wuce inji biyu suka lalace a cibiyar. Manhaja ta yi abin da muka gina ta ta yi: ta ɗage wa mutum shida lokacinsu zuwa gurbi na gaba da ba kowa, ta tura musu saƙo a waya. Biyar ba abin da ya same su. Na shidan wani tsohon direban bas ne. An yi masa wanki Litinin, ya kamata a sake Alhamis, manhaja ta kai shi wata Litinin ɗin. Mako guda cur. Ya karanta saƙon, ya zauna a gida kamar yadda aka ce masa. Ranar Asabar aka kwaso shi ranga-ranga.

Na ce yana ina yanzu. Ta ce yana kwance, a ɗakin da ba a barin 'yan dubiya. Ta tsiyaya ruwan zafi a kofi, ta yi ta juya shi da cokali, ba ta sa ganyen shayi ba.

Na ce Sista fa? Sista ita ce babbar ma'aikaciyar jinya ta cibiyar, wurinta na zauna lokacin da nake tattara buƙatu. Ta ce hutu ta tafi a makon da abin ya faru, kwana biyar, na farko cikin shekara biyu.

Akwai abin da ya faɗo mini a rai ina tsaye a wurin. Ba zan rubuta shi ba, don ban tabbata ba.

Laraba, 5 ga wata, 6:30 na safe

Ban tabbata ba.

Laraba, 4:10 na yamma

An tara mu a ƙaramin ɗakin taro, wanda tagarsa ba ta buɗuwa. Lauyan kamfani ne ya sauko. Mutum mai ladabi har ya yi yawa, sai da ya tambayi kowa lafiyar iyali. Ni irin wannan ladabin tsoro yake ba ni.

Aka haska katin ɗage lokaci a bango. Rubutuna ne, na gane shi tun daga layin farko. Sharuɗɗa huɗu na sa a ƙarƙashinsa, huɗun duka Tantama ya gwada, huɗun duka sun ci. Mai Kaya ya buɗe hannuwa.

"Kun gani. Abin da aka ce mu gina muka gina."

Sau uku ya faɗi haka kafin a tashi, na ƙirga.

Lauya ya ce, "Likitocinsu sun ce akwai marasa lafiyar da ba a ɗage musu wanki ko kwana ɗaya, kuma dattijon nan yana cikinsu. Wa ya kamata ya sanar da mu haka?"

Mai Kaya ya ce, "Cibiyar mana. Mu ba likitoci ba ne."

"Sun sanar?"

Duk ɗakin ya juyo gare ni, har masu gini da ba sa ɗaga kai daga kwamfuta ko gobara ake yi. Na ce wata bakwai da nisa, sai na duba littafina. Lauya ya yi murmushi ya ce in duba a tsanake, Malama, ba gaggawa. Sannan ya ƙara da cewa cibiyar ma ta kafa nata kwamitin, kuma sun dakatar da Sista har a gano ko ita ce ba ta faɗa ba.

Shekararta ashirin da takwas a wannan aikin. Saura wata biyar ta yi ritaya. Ita ta gaya mini, tana ta dariya tana cewa za ta koyi barcin rana.

Alhamis, 6 ga wata, 6:50 na yamma

Mama ta lura ban ci abinci ba. Tun da ta dawo gidanmu da zama ba abin da ke wuce idonta, har yawan sukarin da maigidana ke sata a shayi.

"'Yar nan, wai ni har yau ban gane aikin nan naki ba. Ke kike ƙera abin?"

Na ce a'a, wasu ke ƙerawa. Ni dai mutane ke gaya mini abin da suke so, in rubuta wa masu ƙerawa.

"Au! Ashe mai rubuta wasiƙa ce ke. Duk wannan digirin!"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce da can akwai wani da ke zama a bakin gidan waya da teburi, shi ke rubuta mata wasiƙa zuwa ga Baba lokacin da yake aiki a nesa. Ta ce mutumin yana da hali ɗaya: ba ya liƙe ambulan sai ya karanta maka abin da ya rubuta tun daga sallama har sa hannu, ko da layi ya kai titi. Wai in ya tsallake magana ɗaya, kai ba ka sani ba, wanda aka aika wa bai sani ba, shi kaɗai ya sani.

Na ce mata kaina ke ciwo, na tashi.

Juma'a, 7 ga wata, 12:30 na rana

Littafin yana durowa ta ƙasa, ƙarƙashin tsohuwar caja. Ban ce ya ɓata ba. Cewa na yi zan duba.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Na zo da shi gida. Maigidana ya fita da yara, Mama tana kwance. Na buɗe. Bari in rubuta sau ɗaya in huta, in har hutun zai zo.

Shafi na goma sha tara. Ranar a teburin Sista muka zauna, a lungun da ake jin kukan injinan. Ta janyo tsohuwar rajistarta mai baƙin bango, ta sa yatsa kan wasu sunaye da ta kewaye da jan biro.

"Waɗannan, 'yata, ba a ɗage musu. Ba sa fitsari ko ɗigo, ruwan a ƙirji yake taruwa. In inji ya lalace ni nake kiransu ɗaya bayan ɗaya, in cusa su da yamma, ko da kowa zai yi fushi da ni."

Na rubuta, har na ja layi biyu a ƙasa. Da zan tafi ta biyo ni bakin ƙofa ta riƙo hannuna.

"Kin rubuta masu jan biro?"

Na ce na rubuta, Sista.

Kuma na rubuta ɗin. Kati ɗaya na yi, komai yana ciki. Sai ranar tsara zango ta zo. Mako biyu-biyu muke aiki, shi muke kira zango, kuma kafin kati ya shiga sai kowa ya ɗaga lambar da yake ganin nauyinsa ya kai. Aka ɗaga: sha uku. Dokarmu kuwa duk katin da ya wuce takwas ba ya shiga zango, sai an tsaga shi. Doka ce mai kyau, ni kaina na koya wa sababbi ita.

Ni na tsaga. Rabi na farko, ɗage lokaci da tura saƙo, aka ba shi biyar. Rabi na biyu, masu jan biro, takwas, don sai an ƙara wurin da likita zai sa alama. Na farko ya shiga, na biyu aka ce zango mai zuwa. Har daɗi na ji a raina, na ga na yanka shi daidai gaɓa.

Tantama ya ce, "In aka saki rabin farko shi kaɗai fa?"

Na ce, "Haba, mako biyu ne kawai."

Zango mai zuwa ya zo, manajan cibiyar ya ce shi rahoton wata yake so, mai zane kala-kala. Mai Kaya ya ja wannan sama. Na gaba aka ce tambarin cibiyar ya yi ƙanƙanta. Ranar nuna aiki manajan ne ya zo, Sista tana kan marasa lafiya. Aka yi tafi, aka kai rajistarta sito aka kulle. Ni kuma aka ba ni aikin wani kantin magani, na bi shi da gudu.

Ban taɓa komawa na karanta mata abin da ya shiga da abin da bai shiga ba.

Litinin, 10 ga wata, 8:05 na safe

Na riga kowa zuwa. Na nemi rabin katin a allo, sama da ƙasa, babu shi. Na ce ko wani ya goge. Sai na tuna da ma'ajiya.

Duk katin da ya yi kwana casa'in ba a taɓa shi ba, allon da kansa yake kwashe shi ya kai ma'ajiya. Mu muka roƙi a sa haka bara, don jerin jira ya yi cunkoso har ba a son kallonsa. Da aka ce wa ya yarda, ni ma na ɗaga hannu.

Yana can. Sunana a kai, da kwanan wata, da maganar Sista kalma da kalma, don haka nake rubuta kati, da bakin mai shi. Ba wanda ya share shi, ba wanda ya ƙi shi, ba wanda ya ce ba shi da amfani. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Akwai maɓalli a gefe na mayar da shi allo. In na danna, saƙo zai tafi wa duk wanda ke kan aikin, har manajan cibiyar, har Lauya da aka ƙara makon jiya.

Na ji motsin mai shara, na rufe.

Talata, 11 ga wata, 2:45 na rana

Tantama ya same ni a matakala. Bai yi wasan da ya saba ba.

"Yaya, kin duba littafin?"

Na ce ina kan dubawa.

"Littafin nan shafi nawa ne?"

Ya jingina da bango yana kallon takalminsa.

"Ni fa na tuna ranar. Ni na fara ɗaga sha uku. Ban faɗa wa kowa ba, don ba ni aka tambaya ba, ke aka tambaya. Kuma ni ma na sa hannu aka saki rabin, ba wai wanke kaina nake yi ba. Amma matar nan tana gida a zaune, Yaya."

Na ce ya bar ni in yi tunani. Ya ce to. Ya sauka, ya bar ni kamar mai kaza a aljihu, wanda ba ya jimirin as. Duk wanda ya buɗe ƙofar ɗakinmu yau sai na zabura.

Laraba, 12 ga wata, 11:30 na safe

Mai Kaya ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa da kansa. Takarda ɗaya ce a teburin, rabin shafi. Ta ce ni, mai tattara buƙatu, na shaida cewa cibiyar ba ta sanar da mu akwai marasa lafiyar da ba a ɗage musu ba. Akwai layi a ƙasa, an bar mini wuri.

Na ce, "Yallaɓai, akwai wani rabin kati da..."

Ya ɗaga hannu.

"Malama, kada ki faɗa mini abin da gobe zan ce ban ji ba. Me muke cewa kullum? Abin da babu shi a allo, babu shi. Na duba allo, ke ma kin duba."

Ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi wuya. Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da nake goyo, wasu wurare uku sun ƙi. Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma ba ya barci. Ya ce mutum arba'in ke cin abinci a ginin nan. Ya ce in laifin ya faɗo kanmu cibiyar za ta janye, sauran asibitoci uku su bi ta, kowa ya kwashe kofinsa ya tafi gida. Ya ce ita Sista ai ta riga ta gama aikinta, iyaka su rubuta mata takardar gargaɗi.

Ya ba ni zuwa Litinin.

Alhamis, 13 ga wata, 7:10 na yamma

Na gaya wa maigidana, ba duka ba. Yana gyara kan famfon kicin, bai juyo ba sai da na gama.

"Ke kika lalata injin?"

Na ce a'a.

"Ke kika ba ta hutu? Ke kika kulle rajista? Ke kika ce a bar na'ura ta riƙa yanke wa marar lafiya rana?"

Na ce a'a, amma...

"To. Mutum goma suka haƙa ramin nan, ban ga dalilin da ke kaɗai za ki shiga ba. Ki sa hannu, ki nemi gafarar Allah, in an kwana biyu ki gyara musu abin."

Ya faɗa ne don yana sona, na sani. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Na yi ta jira in ji sanyi, ban ji ba. Famfon ma bai daina ɗiga ba.

Juma'a, 14 ga wata, 3:30 na yamma

An dawo da tsayuwar safe. Me ya tare miki hanya? Babu.

Da rana aka yi taron waiwaye, wanda muke yi ƙarshen kowane zango. Mai Agogo ta karanta ƙa'idar da take karantawa kullum: a ɗakin nan ba a ɗora wa kowa laifi, tsari muke gyarawa. Ta raba mana 'yan takardu masu manne, kowa ya rubuta abin da bai tafi daidai ba, ba suna. Wani ya rubuta intanet. Wani ya rubuta na'urar sanyaya ɗaki. Ni na manna tawa fara fat.

Tantama ya ce, "Direban fa? Ya jikinsa?"

Mai Agogo ta kalli agogonta, duk da saura lokaci da yawa.

"An ce kada mu ƙara maganarsa a ofis."

Ba wanda ya tambayi me ya sa. Ina jin kowa ya gane.

Lahadi, 16 ga wata, 4:00 na yamma

Abin da aka ce mu gina muka gina. Na gwada faɗa a gaban madubi, da muryata ba ya zama.

Litinin, 17 ga wata, 9:20 na safe

Biron Lauya ba ya kawo ruwa sosai, sai da na maimaita. Sunana ya fito sau biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya ce ba komai, ana karɓa a haka.

Talata, 18 ga wata, 1:00 na rana

Kowa yana yi mini kirki. Mai Kaya ya saya mana lemo. An ɗage dokar hana taɓa manhaja, kuma an ba ni sabon aiki: in je cibiyar ranar Alhamis in tattara "sabuwar buƙata" kan marasa lafiyar da ba a ɗage musu. Sabon kati, sabon kwanan wata. Mai Kaya ya ce ni ce na fi kowa sanin wurin.

Tantama ya zo karɓar caja ya ce, "Malama, ko kin gama da ita?" Shekara uku yana ce mini Yaya.

Alhamis, 20 ga wata, 5:15 na yamma

Na je. Na yi ta addu'a a hanya Allah ya sa ba ta nan, tunda an dakatar da ita. Tana nan. Ta zo kwashe kayanta ne, kwali ɗaya a kan teburin: kofi, silifas, hoton jikoki. Ta rame har rigar ta yi mata yawa. An ba ta zaɓi ta ajiye aikin da kanta, ta ajiye.

Ta hango ni, na ce yau kashina ya bushe. Na tsaya ina jiran ta tara mini jama'a. Da ta yi hakan da na gode mata.

Ta zo ta kama hannuwana biyu.

"'Yata, dama ina neman yadda zan gan ki. Ki yafe mini, na jawo muku magana kuna zaman zamanku."

Ba ta saki hannuwana ba ta ci gaba.

"Sun nuna mini takardarki. Wallahi da farko musu na yi, na ce na faɗa, har ina ganin kamar a bakin ƙofar can na faɗa miki. Amma ke yarinya ce, ga littafi a hannunki kina rubuta komai. Ni kuwa tsufa ya zo. Kwanaki na sa tabarau a goshi na yi ta nemansa. Na ce wa kaina, ke dai kin yi niyyar faɗa ne, ba ki faɗa ba."

Ta goge ido da bayan hannu. Ta ce shekara shida tana yi wa mutumin nan wanki, kullum sai ya tsokane ta wai hannunta ya fi birkin bas tauri. Ta ce ta je gidansu ta'aziyya, ta durƙusa gaban matarsa da 'ya'yansa, ta ce musu kada su zargi kowa, ita ce ta manta. Matar ta kawar da kai, babban ɗan ya tashi ya fita.

"Shi ke nan, na ɗauka. Ke dai ki yafe mini."

Na buɗe baki, abin da ake faɗa ya fito da kansa. Na ce mata ba komai, Sista.

Ta sa mini albarka. Ni na ɗaukar mata kwalin har bakin titi.

Juma'a, 21 ga wata, 6:00 na safe

Ba komai. Da bakina.

Juma'a, 8:40 na safe

Na danna maɓallin. Rabin katin ya koma allo, can sama, da tsohon kwanan watansa. Na ɗauki hoton shafi na goma sha tara na liƙa a ƙasa, na rubuta cewa takardar da na sa wa hannu ranar Litinin ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake sa hannun. Saƙon ya tafi wa mutum goma sha ɗaya.

Wayoyi suka yi ta ƙara a ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kalle ni. Tantama ya karanta, ya tashi ya ajiye mini kofin ruwa a teburi, ya koma. Mai Kaya ya fito bakin ofishinsa ya tsaya, ya daɗe, sannan ya haye sama. Ban ji sauƙi ba. Tsoro nake ji.

Juma'a, 11:00 na safe

Na fita baranda na kira Sista a waya.

"A'a, 'yata. Lafiya dai?"

Na ce, "Sista, kin faɗa mini. Sau biyu kika faɗa, a teburinki da bakin ƙofa. Na rubuta, yana nan da hannuna. Ba ki manta komai ba. Mu muka raba aikin biyu, muka yi rabi muka bar rabi."

Ina jin ƙarar rediyo a bayanta, sai aka kashe shi.

"Jiya ma kin san haka?"

"Na sani."

"Kika bar ni na ba ki haƙuri."

Na fara ce mata na riga na tura wa kamfani da cibiyar, kwamiti zai gani, wataƙila a mayar da ita. Ta katse ni, ba da faɗa ba.

"Ni ba ruwana da kwamiti. Akwai matar da na durƙusa wa na ce ni na kashe mata miji. Ba ta da allon nan naku, ba za ta ga saƙonki ba. Ƙarfe huɗu ki same ni a tashar bas, mu je ki faɗa mata da bakinki, ina tsaye."

Na ce to.

Lauya ya aiko sau biyu a kira ni sama. Na ce ina zuwa. Saura awa biyar.